Farin Tabo a Jikin Tankin Faiba, da Yadda Ake Gane Shi Kafin a Magance Shi

Duk wanda ya saba bin hanyar nan da ta taso daga Kano ta ratsa Wudil, ta bi ta Birnin Kudu ta nufi ƙasar Gwaram, in dai yana ɗaga kai yana duban abin da ke gefen hanya, lalle ya lura cewa tun da rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana ta shiga ƙauyukanmu, tankunan ruwa sun yawaita a bisa ƙafafun ƙarfe, a makarantu da ɗakunan shan magani da ƙofar masallatai. In kuma ya leƙa bayan gidajen matasan da suka kama kiwon tarwada, zai tarar da kwamin ƙyanƙyasar kifi, wani na siminti, wani na tamfol, wani kuwa na wannan abu mai santsi da sheƙi da muke kira faiba, wanda da shi ne kuma ake ƙera da yawa daga korayen ƙubbobin da ake ɗorawa kan sababbin masallatai. Ranar da aka kawo shi yana ɗaukar ido. Amma kafin bazara biyu ko uku su wuce sai a ga fari ya fara hawa jikinsa, wani wuri kamar an barbaɗa gari, wani wuri kamar an zana layi da alli daidai inda ruwa ke tsayawa, har mai kaya ya fara zargin cewa jabu aka sayar masa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan mas'ala, wadda wani zai ga ba ta kai a ɓata tawada dominta ba, shi ne abin da na gani da idona a wani ƙauye na ƙasar Gwaram. Wani bawan Allah ya yi wa masallacin garin waƙafin tankin alwala na faiba, yana neman ladan sadaka mai gudana, aka kafa shi a kan dakali a filin da babu ko inuwar bishiya ɗaya. Da fari ya bayyana a jikinsa, sai ladanin masallacin, dattijo mai kishin tsabta wanda ba ya iya ganin ƙazanta a ɗakin Allah ya kau da kai, ya tara almajirai ya ba su soson ƙarfe da toka da yashi, suka kwana biyu suna gurza. Na iso na tarar da tankin ya fi da fari, ya yi kaushi kamar harshen sa, a wasu wurare har zaren da ke cikinsa ya fito yana sukar hannu. Na ce, "Baba Ladan, me aka sa masa haka?" Ya ce, "Ɗana, datti ne ya ƙi fita, kullum muka wanke in ya bushe sai ya dawo." Alhali kuwa ba datti ba ne ko kaɗan, fatar tankin ce rana ta cinye, su kuma suka ƙarasa abin da ya rage da soso. Niyyarsu kyakkyawa ce, Allah ya ba su ladanta, amma aikin ya zama gyaran gangar Auzinawa, domin ba a tsaya an san cutar ba aka shiga ba da magani.

To, wajibi ne a fara sanin mene ne faiba kansa, domin wanda bai san yadda aka gina abu ba ba zai san ta inda yake lalacewa ba. Asalinsa gilashi ne da aka narkar aka ja shi ya zama zare siriri fiye da gashin kai, aka shimfiɗa shi kamar tabarma, sa'an nan aka jiƙa shi da wani ƙaro na masana'anta da ake kira rezin, wanda in an ɗiga masa maganin daskarewa yake sandarewa ya yi tauri. A ƙasar Amurka aka fara yin wannan zare da yawa don sayarwa a shekarun 1930, kamfanin Owens-Corning da ya shahara da shi kuwa an kafa shi a 1938, daga nan abin ya bazu zuwa jiragen ruwa da jikin motoci da tankuna da wuraren ninƙaya. Amma zaren da ƙaron ba su ne ido ke gani ba. Abin da ake gani, mai launi da santsi, wata fata ce ta musamman da ake kira jelkot, wadda ake fara shafawa a cikin mazubin ƙira kafin a ɗora zaren, kaurinta kuwa galibi bai wuce rabin milimita da 'yan kai ba, wato kusan kaurin farcen yatsa. Wannan siririyar fata ita ce garkuwar da ke tsakanin zaren da ruwa da rana, kuma duk maganar da za mu yi a kanta take. Sai dai a kiyaye, kada a haɗa faiba da baƙin tankin roba da ya fi yawa a gidaje, domin shi narkakkiyar roba ce zalla, ba shi da zare ba shi da wannan fata. Hanyar rarrabe su mai sauƙi ce: a duba bayan bangon ko ƙarƙashin leɓen tankin, in an ga sawun zare a kwance kamar saƙar gizo-gizo, kuma in an ƙwanƙwasa ya yi ƙara mai tauri kamar katako, to faiba ne.

Da yawa daga abin da aka sani game da wannan fari daga wajen masu kula da wuraren ninƙaya aka samo shi, a Amurka da Ostireliya inda ake binne manyan kwamin faiba a gidaje don wanka, domin su ne suka daɗe suna auna ruwa kullum suna duban abin da yake yi wa bango. A wajenmu irin waɗannan wurare sai a manyan otal na birane, amma ruwa ɗaya ne, rana ma tamu ta fi zafi, saboda haka hukuncin da ya hau kan nasu ya hau kan tankin alwala da kwamin kifi. Abin da suka tabbatar shi ne fari ba iri ɗaya ba ne: akwai wanda ruwa ya ajiye a kan fatar, akwai wanda rana ta fitar daga cikinta, akwai kuma wanda magani ya ƙona, a ido duk sun yi kama, amma abin da ke warkar da ɗaya yana iya halaka ɗaya.

Na farko, wanda ya fi sauƙi, shi ne allin ruwa. Babu uwargidan da ba ta san farin ɓawon nan da ke taruwa a gindin butar shayi ko tukunyar da ake yawan tafasa ruwan rijiya a cikinta ba. To shi ne dai yake hawa bangon tanki. Ruwa in ya ratsa ƙasa da dutse yakan narkar da wani abu daga ma'adinan da ke cikinsu, musamman kalsiyam, wanda shi ne asalin alli da farar ƙasa, ya ɗauko shi a ɓoye ba a gani. Wannan yanki namu na kudancin Jigawa yana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, irin wanda ya ɓullo fili a duwatsun Birnin Kudu da Farin Dutse, saɓanin arewa maso gabashin jihar inda rairayi da laka na kwarin Chadi suka yi zurfi. Ruwanmu yana fitowa ne daga tsagogin dutse da ruɓaɓɓen samansa, shi ya sa za ka ga rijiya biyu a unguwa ɗaya, wannan ruwanta na kumfa da sabulu nan da nan, waccan kuwa sai an sha wahala. Wadda ba ta kumfa ita ce mai nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa in nauyin ruwa ya haura kimanin miligiram 200 a kowace lita, ana iya sa ran ya riƙa ajiye ɓawo a cikin bututu da mazubi. Wani abin mamaki cikin hikimar Ubangiji shi ne, gishiri da sukari sun fi narkewa a ruwan zafi, amma shi alli akasin haka yake, ruwa na ɗumama yana sakinsa; saboda haka a watan Afrilu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40, ruwan tanki ya yi ɗumi, sama-samansa yana ƙafewa yana barin abin da ya ɗauko, ana ƙara wani a kai yana sake ƙafewa, sai layin fari ya yi ta kauri daidai bakin ruwa. Wani masani na Jami'ar Kalifoniya, Wilfred Langelier, ya tsara lissafi a 1936 wanda da shi ake gane ko ruwa zai ajiye alli ko kuwa zai ci bango, kuma har yau da shi masu wuraren ninƙaya ke aiki. Jigon lissafin nasa kuwa shi ne zafin ruwa, da yawan allin da ke ciki, da karkatarsa wajen tsami ko wajen kanwa, wato abin da ake rubutawa pH a jikin kwalin awo.

Gwajinsa ba ya bukatar komai sai rabin lemon tsami. A rage ruwa har farin ya fito fili, a bari ya bushe, a shafa da yatsa: in an ji kaushi ya taso sama da fatar kamar yashi ya manne, alama ta farko ke nan. Sa'an nan a kankaro ɗan kaɗan da gefen cokalin roba a zuba a faranti, a matsa masa lemon, a kawo ido kusa. In ya yi 'yan ƙananan kumfa yana tsiyaya, to allin ruwa ne babu shakka, kuma mai kaya ya yi hamdala, domin fatar tankinsa na nan lafiya a ƙarƙashi.

Maganinsa tsami ne, amma tsami mai sauƙi, da haƙuri. A samo ruwan khal na girki a haɗa shi da ruwa kashi ɗaya da ɗaya, ko garin tsamin nan da masu haɗa lemo ke saya a narkar da shi, a jiƙa tsumma ko buhun auduga a manna a kan layin, a bar shi kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin yana jiƙe, domin tsamin ne ke aikin ba ƙarfin hannu ba; bayan haka a goge da soson katifa ko buroshi mai laushin baki, a ɗauraye da ruwa mai yawa. In bai fita duka ba a maimaita gobe. Ya kamata a yi wannan da sassafe ko bayan la'asar, don in rana ta take tsumman zai bushe kafin ya yi amfani. Inda ɓawon ya shekara ya yi kauri har khal ya gaza, masu sana'ar sukan koma ga asid ɗin wanke tayil da ake samu wajen masu kayan gini, irin na kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, amma da sharuɗɗa waɗanda ban yarda a sassauta ko ɗaya ba: kashi ɗaya na asid cikin kashi goma na ruwa, a fara zuba ruwan a bokitin roba sa'an nan a tsiyaya asid a kansa, kada a juya wannan tartibi har abada, domin in aka zuba ruwa a kan asid yana iya fantsama ya sami ido, a sa safar hannu ta roba da tabarau, kada ya wuce 'yan mintoci a kan fatar, kuma kada mutum ya shiga cikin rufaffen tanki da shi, domin tururinsa yana shaƙe numfashi. Ruwan batir kuwa, da na ji wasu na ba da shawararsa, a nisance shi gaba ɗaya. Wanda yake da wurin ninƙaya cike da ruwa ba lalle sai ya kwashe ba. Yakan saukar da awon pH zuwa wajen 7.0 ko 7.2 ya riƙe shi nan 'yan kwanaki, ana goge bango da buroshi kullum, har ɓawon ya yi laushi ya saki. Akwai wani irin ɓawo mai ruwan toka wanda ba ya kumfa da lemon, yana da taurin kai ƙwarai saboda haɗuwar alli da sinadarin yashi, wannan sai an bi shi da samfefa mai laushi a jiƙe kamar yadda za a bayyana.

Na biyu shi ne wanda ya sami tankin Baba Ladan, kuma shi ya fi yawa a ƙasarmu. Cikin hasken rana akwai wani kashi da ido ba ya gani, mai kaifi, wanda ke tsinka igiyoyin da suka ɗaure ƙaron fatar. In sun tsinke sai ƙaron ya rududduge, garin launin da ke cikinsa ya saki ya zauna a sama kamar ƙura. Shi ya sa wannan fari yake fitowa a inda ruwa ba ya kaiwa: murfi, da kafaɗar tanki, da gefen da ke fuskantar rana, da saman ƙubba. Hujjar tasirin rana a kan launi ba sai mun je nesa nemanta ba. Zanen shanun nan na mutanen da, da ke Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu, wanda wani masani mai suna Bernard Fagg ya bayyana wa masu binciken tarihi a shekarun 1950, ya kai ƙarnoni yana nan ana ganinsa, ba don komai ba sai don a ƙarƙashin rumfar dutse aka yi shi, inda rana da ruwan sama ba sa dukansa kai tsaye. Alhali fentin da aka shafa wa allon gefen titi shekara biyar da suka wuce ya riga ya koɗe. Gwajin wannan da tafin hannu ake yi. A shafa busasshen hannu a jikin tankin. In ya taso da gari fari ko mai ɗan launin tankin, kamar an taɓa bangon da aka yi wa farar ƙasa, kuma aka matsa masa lemon bai yi kumfa ba, to cin rana ne. Ƙurar hunturu ma tana barin fari, amma ita da an watsa ruwa ta tafi ba ta dawowa.

A nan tsami ba shi da wani amfani, soson ƙarfe kuwa ta'adi ne. Abin da ake yi shi ne a cire mataccen saman nan kawai, wanda bai kai kaurin takarda ba, a tono lafiyayyen launi da ke ƙarƙashinsa. A wanke da ruwa da omo kaɗan a bari ya bushe. In cin bai yi nisa ba, man goge fenti da masu fentin mota ke amfani da shi ya wadatar: a ɗiba a tsumma mai laushi a riƙa murzawa a kewaye, wuri kaɗan-kaɗan gwargwadon faɗin tire, har sheƙi ya dawo. In ya yi nisa sai a fara da samfefar ruwa, wadda ake jiƙawa kafin a yi aiki da ita, a fara da mai lamba 800, a koma 1200, a ƙare da 1500 ko 2000, ana yi ana zuba ruwa, hannu a sake ba a dannawa, musamman a kan kusurwa da leɓe inda fatar ta fi siranta. Mai aikin ya riƙa duban ruwan da ke gangarowa: zai fara fitowa fari kamar madara, sa'an nan ya soma ɗaukar launin tankin, da zarar launi ya bayyana to an iso lafiyayyen wuri, a dakata. In kuwa aka ga wani duhu-duhu ko sawun zare yana leƙowa, an riga an wuce haddi. Daga nan a bi da man gogewa, a rufe da kakin mota, amma kakin a waje kaɗai, kada ya shiga inda ruwan sha ko kifi ke zama. A sani kuma wannan gyara ba a iya maimaita shi kullum, tun da kowane karo ana rage abin da da ma bai kai milimita ɗaya ba. Sau biyu ko uku a rayuwar tanki, shi ke nan. Saboda haka ni a ganina kuɗin samfefa da mai gara a sa su a rumfa. Zana huɗu da 'yan sanduna, ko kwanon rufi biyu a ɗaga su taku ɗaya sama da murfi don iska ta ratsa, sun fi duk wani mai da za a saya, ga shi kuma suna sanyaya ruwan, sanyin kuma yana rage allin da muka ambata da gansakuka.

Na uku shi ne mafi muni, kuma hannunmu ne ke jawo shi. Kulorin ni'ima ce babba, da shi ake kashe ƙwayoyin kwalara da taifot a ruwan sha, musamman da damina lokacin da ambaliya ke gurɓata rijiyoyi, ba kuwa ina hana amfani da shi ba ne. Illar tana wajen israfi da rashin awo. Sau da yawa mutum yakan ɗebi garin kulorin da gwangwani ya watsa cikin tanki, garin nan kuwa ƙarfinsa ya kai kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, sai ya nitse ya kwanta a gindi bai narke ba, ya kwana yana cin fatar a wuri ɗaya. Masu kifi kuma sukan cika kwami da ruwan bilic mai ƙarfi bayan an kwashe 'ya'yan kifi, su bar shi kwana da kwanaki da nufin kashe cuta. Garin nan da alli aka haɗa shi, saboda haka yana ƙara wa ruwa nauyi yana kuma karkatar da shi wajen kanwa, haɗuwar yawan kulorin da wannan karkata kuwa ita ce masu wuraren ninƙaya suka fi tsoro, domin tana koɗar da launi daga cikin fatar kanta. Alamarsa ita ce yana ƙarƙashin layin ruwa, ko dabbare-dabbare a gindi inda gari ya zauna. In an shafa santsi ne babu kaushi, ba ya kumfa da lemon, in an jiƙa shi sai ya ɓace ko ya ragu, da ya bushe ya dawo. Wannan ba ya wankuwa, ko da za a ƙarar da sabulun kasuwar Sara a kansa. In bai yi zurfi ba samfefar ruwa na iya kai wa ga launi. In ya yi zurfi, ko dai a haƙura da shi, tun da galibi muni ne kawai ba yoyo ba, ko a sake fata.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To a sha'anin kulorin ido bai san kima ba, sai an auna. Ana sayar da 'yan takardun awo da ake tsomawa a ruwa su sauya launi a gwada da jadawalin da ke jikin kwalbar. A wurin ninƙaya ana so kulorin ya tsaya tsakanin miligiram 1 da 3 a lita, pH kuma tsakanin 7.2 da 7.6, a ruwan sha abin da ake so ya saura bayan rabin awa bai wuce 0.2 zuwa 0.5 ba, a kwamin kifi kuwa ba a son ko ɗigo, domin yana ƙona gaɓoɓin numfashinsu su mutu. Ƙa'idar zubawa ita ce a narkar da garin a bokiti, a bari farin guntun ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama a cikin tanki lokacin da ake cika shi don ya gauraya, guntun kuma a zubar. Kuma ina roƙon mai karatu don girman Allah ya riƙe wannan: kada a taɓa haɗa kulorin ko bilic da asid ko khal, ko a bokiti ɗaya, ko a wanke da wannan a bi da wancan ba a ɗauraye ba, domin haɗuwarsu na tayar da iska mai guba wadda ke iya kashe mutum a cikin rufaffen wuri.

Akan ga kuma wasu ƙuraje sun taso a jikin fatar ƙarƙashin ruwa, kamar bororon ƙuna, in an huda su wani ruwa mai warin tsami ya fito. Wannan ruwa ne ya ratsa fatar ya taru a bayanta, sai an fafe su an bar wurin ya bushe sarai an cike. Jan tabo ko ruwan ƙasa kuwa tsatsa ce daga ƙarfen da ke cikin ruwan burtsatse ko daga bututu, in an goga masa ƙwayar bitamin C aka ga ya washe to ita ce.

Sake fata aiki ne na masu sana'a, kuma mafi kusa da mu su ne masu gyaran faiba da ke aiki tare da masu gyaran jikin mota. Amma ya kyautu mai kaya ya san yadda aikin ƙwarai yake, don ya gane in ana yi masa algus. Ana kankare tsohuwar fatar da samfefa mai kaushi, kamar lamba 80, har sheƙi ya tafi duka, domin sabuwa ba ta kama santsi. Mai yin haka ya rufe hanci da baki, ƙurar nan gilashi ce. A share, a goge da asiton, a tabbata wurin ya bushe ƙurmus, domin laima ita ce babbar maƙiyar wannan aiki, shi ya sa ba a yinsa a tsakiyar damina. Maganin daskarewa ana sa shi kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, wato mililita 10 zuwa 20 a kowane kilo, a auna da sirinji ba da ƙiyasi ba. In ya yi kaɗan fatar ba za ta taɓa nuna ba, in ya yi yawa ta yi zafi ta tsattsage. Da zafinmu, abin da aka dama yakan fara sandarewa cikin kamar rubu'in awa, don haka rabin kilo-rabin kilo ake damawa. Wani sirri da yawancin masu koyo ba su sani ba shi ne iska tana hana saman wannan fata bushewa, ya zauna yana danƙo. Saboda haka shafin ƙarshe sai an gauraya shi da ruwan kakin da aka yi don haka, ko a lulluɓe ƙaramin faci da leda mai santsi har ya kame. In tankin na ruwan sha ne, a nemi irin da aka yi domin ruwan sha, a bar shi a buɗe kamar mako guda har warin ya fita, a cika a zubar sau biyu kafin a sha ko a saka kifi. Fentin mai na gini da wasu ke shafawa don arha ba ya daɗewa, ɓarewa yake yi ya faɗa cikin ruwan. Wanda kwaminsa binne yake a ƙasa kuma kada ya kwashe ruwansa ƙaf a watan Agusta, lokacin da ƙasa ta ƙoshi, domin ruwan da ke ƙarƙashi yana iya tura bangon ciki ko ya ɗaga kwamin dungum kamar kwale-kwale.

Da muka gama duba tankin nan na masallaci, limamin garin ya yi mini tambayar da ta fi damun jama'arsa, ko ruwan da ke zaune cikin mazubi mai irin wannan fari yana halatta a yi alwala da shi. Na ce, "Allah gafarta malam, ai ku ne ma'abota wannan fage." Ya yi murmushi ya ce abin da suka karanta a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, da sauran littattafan mazhabar Malikiyya da ake farawa da su a zaure, shi ne ana duba launin ruwa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa, kuma sauyin da ya zo daga ƙasar da ruwan ke kwance a kanta ba ya fitar da shi daga tsarki; abin da yake so ya sani daga gare ni shi ne ko farin daga ƙasa ya zo ko daga tankin. Na gaya masa allin ruwa daga ƙasa yake, tare da ruwan ya fito daga rijiya, cin rana kuwa yana waje ne ba ya taɓa ruwan. Abin da ya kamata a kula da shi shi ne gefen da zare ya fito, da kuma warin sabon shafi in an yi gyara. Ya ce to ya fahimta, sauran hukuncin nasa ne.

Gefen da almajirai suka gurje har zare sai da aka kira mai faiba ya yi masa faci, aka jira ƙarshen Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke kafin ƙurar hunturu ta sauko ta manne a ɗanyen shafi, aka yi aikin da hantsi cikin kwana biyu. Sauran jikin aka bi shi da samfefar ruwa da mai, launinsa ya dawo ko da yake bai kai na ranar farko ba. Bayan an yi girbi matasan unguwar suka kawo karan dawa suka saƙa zana, suka kafa rumfa a kan dakalin, Baba Ladan kuma ya ajiye soson katifa da kwalbar khal a tagar masallaci, yana goge bakin ruwan duk ranar Alhamis kafin a cika tankin don Juma'a.